Wayar da Huub Ya Yanke

A sitocin sarin kayan gwari da ke bayan garin Venlo, kusa da kogin Maas, babu ɗan lodin da bai san hannun Huub Geurts ba. Wasu a gaisuwa suka san shi, wasu a muƙamuƙi. Shekara talatin da takwas ya yi a kan dakalin lodi na sito ɗaya, ya daki mutane da dama, bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Na ƙarshe da ya daka shi ne Bogdan, wani direba mutumin Poland. Ya kusa kashe shi, sannan ya kusa bari a ɗaure shi a kan laifin da shi Huub ɗin ne ya yi da hannunsa.

A gida ya koyi duka. Ubansu manomin naman kaza ne, mai shan giyarsa shi kaɗai a rumfa, in ya fito kuwa duk wanda ya fara cin karo da shi sai ya ɗanɗana bel. Huub ya ba ƙanensa Funs shekara shida, kuma tun Funs na tatata Huub ya saba shiga tsakani ya miƙa bayansa. Yana da shekara goma sha bakwai, wata rana tsohon ya ɗaga bel a kan Funs don ya zubar da miya. Huub ya cafke hannun, ya yi ta buga shi a gefen tebur har ƙashi ya yi ƙara. Daga ranar ba a sake dukan kowa a gidan ba. Shi kuwa Huub sai ya ɗauka ya gano maganin komai.

Da shekara ashirin ya shiga sito, bayan 'yan shekaru ya jawo Funs. Sitonsu na sayen tumatir da kokwamba da tattasai da latas a hannun manoma, da ruwan tufa a kwalabe, ya raba wa kantuna da gidajen abinci har cikin Jamus. Manyan motoci na shigowa da baya su manne da dakali, wanda tsayinsa ya kai cibiyar mutum. A sauran sitoci direba ne ke tsayawa, ya sauka ya buɗe ƙofofin baya, ya koma ya ƙarasa ribas. A nan ba haka ake yi ba. Ɗan lodi ne ke dirowa ƙasa tun mota na tafiya, ya buɗe ƙofofi, ya maƙale su, ya haye dakali kafin ƙarfe ya taɓa bango. Kuma da kunne ake aikin. Wanda ke ƙasa yana shara ko tsince kaya, baya yake ba fili, ba ya waiwaye. Ƙarar inji ce ke gaya masa saura taku nawa. Sabon zuwa in ya waiwaya, sai a laƙa masa suna Kaza har ya daina ko ya bar aiki.

Huub ya fi kowa kunne. Yana cin burodinsa a ɗakin shan kofi zai ce, "Lamba Bakwai ce, tana tari, a duba mata mai." In an leƙa sai a tarar ita ce.

Da aka fara kawo motoci masu ƙararrawar ribas, sai 'yan lodi suka ga kukanta na danne muryar inji, mutum ba ya iya auna nisa. Huub ne ya fara shiga ƙarƙashin mota da filaya ya datse wayar. Tsohon mai sito ya sani, ya kawar da kai, tunda lodi na sauri. Abin ya zama al'ada. Duk sabuwar motar da ta zo, ba ta kwana uku sai Huub ya toshe mata baki, a sha giya a ce an yi mata suna. Fiye da shekara ashirin ana haka, ba wanda ya ko ƙuje.

Sai shekarar da Maas ya yi ambaliya a tsakiyar bazara. Ruwa ya shiga ɗakunan sanyi har ƙirji, injina suka mutu, kaya suka ruɓe. Mako guda suna kwashe ruɓaɓɓen latas da shebur, kowa ya ɗaure hanci da tsumma. Shekarar da ta biyo kuma rana ta ƙwalle, kogi ya janye har ana ganin duwatsun ƙasansa, manoma suka riƙa kawo dankali kamar ƙwan zabo. A lokacin tsohon mai sito ya riga ya rasu, 'yarsa Toos ce ke riƙe da sito. Ta tara su a ɗakin kofi, ta yanka musu flai mai ceri, wannan burodin zaƙi da ba a taro ba shi, ta ce su saurara.

"Ruwan nan zai dawo, zafin ma zai dawo," in ji ta. "Hayaƙin da muke tura wa sama yana cikin abin da ke jawo su. Injinan sanyi za su koma saman bene. Rufi zai cika da sola. Wake da ake ɗauko mana a jirgin sama mun daina. Motocin dizal kuwa, garuruwa sun fara rufe musu hanya, don haka masu batir zan sayo."

Sjef, wani ɗan lodi mai tumbi da bakin tsiya, ya ɗaga hannu. "Madam, in batir ya ƙare a hanya fa? Mu ɗaura mata keke mu ja?"

"Kai za mu ɗaura, Sjef, ko tumbin nan zai ragu."

Aka fashe da dariya. Huub bai yi ba. Ya ce, "Ubanki da dizal ya gina wurin nan."

"Ubana bai kwashe ruɓaɓɓen latas da shebur ba, Huub. Kai ka kwashe." Ta nuna shi da wuƙar yanka flai. "Kuma ka ji da kyau. Na san zancen filayarka tun ina 'yar makaranta. Sababbin nan, kada wanda ya taɓa min waya."

Motar batir ta farko ta iso cikin watan Mayu, fara sol, aka ba Bogdan. Shekararsa tara a sito, mutum ne mai sanyin magana, mai mata da 'ya'ya biyu a wani ɗan gida na haya. Kullum abincinsa burodi da jiƙaƙƙiyar kokwamba mai tsami, shi ya sa Huub ke kiransa Kokwamba. Ya yi murna da motar ƙwarai, ya ce karon farko ke nan da zai koma gida kansa ba ya sarawa.

"Kokwamba, wannan mota ce ko firji?" Huub ya tambaye shi.

"Zo ka hau, maigida, ka ji daɗi."

"Allah ya kiyaye. Abin da ba ya numfashi ba na hawansa."

Kwana biyu ƙararrawar na tsuwa a fili duk lokacin da Bogdan ya sa ribas. Huub ya ce tana huda masa ƙwaƙwalwa. Ran Laraba da la'asar, an tashi aiki, motar na jone da caji, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Sjef na tsaye yana duba hanya. Funs ba ya nan, ya kai 'yarsa wurin likitan haƙori. Wayoyi biyu Huub ya tarar an naɗe tare, bai san wacce ce ba, sai ya datse duka ya tura bakinsu cikin ƙarfe. Ko a ransa bai kawo cewa dā don a ji inji ake yankewa ba, wannan kuwa ba ta da injin da za a ji. Hannunsa ya saba, ya yi abin da ya saba.

Washegari da misalin bakwai da rabi na safe, Funs na tura kaya a bakin ƙofa ta uku, kiret ɗin tumatir ya suɓuce ya faɗa ƙasa. Ya dira ya durƙusa yana tsincewa, baya ga fili, yana yi wa Sjef tsiyar ƙwallon jiya. A daidai lokacin Bogdan ya dawo daga kai kayan farko. Ya sa ribas, allon da ke nuna masa baya ya tsaya baƙi ƙirin, domin waya ta biyun ta kyamara ce. Ya ɗauka sabon abu ne ke gardama. Gilasansa a rufe, bai lura ƙararrawa ba ta kuka ba. Ya duba madubi na dama da na hagu, ba kowa, ya ci gaba a hankali.

Huub na cikin ɗakin sanyi. Bai ji mota ba. Ihun Funs ya ji.

Ya fito a guje ya tarar ƙarfen bayan mota ya matse ƙanensa da bango daga cinya, kansa a langaɓe, hannuwansa na dukan ƙarfe. Jini da ruwan tumatir sun haɗe a siminti. Huub ya dira ta gefe, ya ruga gaban mota. Bogdan ya riga ya taka birki, yana neman ya mayar da ita gaba. Huub ya fizge ƙofa, ya kama shi ta wuyan riga ya jefo shi ƙasa daga wannan tsayin.

"Maigida, tsaya, bari in ja ta…"

Naushin farko ya rufe masa baki. Na biyu ya karya hanci. Huub ya hau ƙirjinsa da gwiwa, ya kama gashinsa ya buga ƙeyarsa a ƙasa, ya sake bugawa. Wasu 'yan lodi biyu suka iso, maimakon su raba sai suka sa ƙafa a haƙarƙarinsa. "Kashe shege! Makaho ne? Kashe shi!" Bogdan ya tofar da haƙora, yana nuna mota da hannu, ba wanda ya duba abin da yake nunawa. Sjef ya haye kujerar direba ya yi ta danne-danne, motar ta ƙi motsi, domin ba wanda aka koya wa ita sai Bogdan.

Toos ce ta fito da tukunyar kashe gobara ta fesa wa Huub a fuska. Da bai sake shi ba, ta ɗaga tukunyar ta maka masa a kafaɗa.

"Mahaukaci! Ƙanenka na matse har yanzu! Wa zai ja motar?"

Sai a lokacin ya saki. Bogdan ya ja jiki da rarrafe. Sau biyu yana kama matakala yana zamewa, sai da Toos ta tura shi da kafaɗa. Ido ɗaya a rufe, muƙamuƙi a karkace, ya danna abin da ya kamata, motar ta matsa gaba ba ko tari. Funs ya zube kamar buhu. Bogdan ya kifa kai a kan sitiyari ya suma.

Motar asibiti biyu suka zo. Aka yanke wa Funs ƙafar hagu daga saman gwiwa. Likita ya ce da an zare shi da wuri, wataƙila da an ceto ta, wataƙila kuma a'a. Bogdan aka ɗaure masa muƙamuƙi da ƙarfe, haƙarƙari huɗu a karye. 'Yan sanda suka riƙe Huub kwana ɗaya suka sake shi zuwa ranar shari'a, duk unguwa kuwa na cewa ai kowa ma haka zai yi in ƙanensa ne.

Masu binciken haɗarin wurin aiki suka shiga ƙarƙashin mota suka ga waya a datse. Suka tambayi a hannun wa motar take. A hannun Bogdan. Me ya sa bai tsaya ba da ya ga allo ya mutu? Ba shi da amsa mai ƙarfi, ba shi ma da bakin faɗa. Aka ce direbobi sun saba kashe ƙararrawa in ta dame su. Aka karɓe lasisinsa, aka ce za a tuhume shi da ganganci, abin da zai iya kai shi gidan yari. Toos ta gaya musu tana zargin 'yan lodinta, amma ba ta gani da ido ba. Aka kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bai san komai ba.

Sjef ya tare Huub a wurin ajiye kekuna. "Ka riƙe bakinka, tsoho. Saura maka shekara nawa ka huta? In ka yi magana, kai da ni duk mun tafi. Bogdan ko ya koma ƙasarsu ya sami wata motar."

"Da wane lasisi?"

"Oho. Ni dai ban ga komai ba."

Huub ya hau kekensa ya tafi. Sati biyu yana zuwa aiki, yana lodi, yana komawa gida. Matarsa Riek ta ce ya daina cin abinci sai dai ya jujjuya dankali a faranti. Ya je asibiti sau uku ya tsaya a bakin ƙofa ya juya. Ran na huɗu Funs ya hango shi.

"Yaya, shigo mana. Ko sai na taso na tarye ka?"

Huub ya shiga ya zauna. Ya kasa kallon inda bargo ya kwanta shafal a gefen hagu.

"Ka kawo min flai?" in ji Funs.

"Na manta."

"Ka ga irinta. Mutum ya ba da ƙafa guda, ko ɗan yanki ba a kawo masa ba." Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. Sannan ya rage murya. "Ban ji komai ba, Yaya. Shekara talatin kunnena bai taɓa yaudarata ba. Ranar Talata na ji ƙararrawar da kunnena, ranar Alhamis babu. Ni nake riƙe maka tocila in za ka shiga ƙarƙashi, na san aikinka. Kai ne ko?"

Huub ya gyaɗa kai.

"Na sani. Da ina nan ma ni zan riƙe tocilar, kada ka ɗauka na fi ka." Funs ya juya kai wajen bango. "Ni ba zan gaya wa kowa ba, kai yayana ne. Amma Bogdan yana ɗakin can na ƙarshe. Jiya matarsa ta wuce da yaran, ƙaramar na tambaya me ya sa babanta ke shan miya da tsinken roba. Ka wuce ta nan in za ka fita, ka gani."

Huub ya wuce ta nan. Ƙofar a buɗe take kaɗan. Bogdan na zaune a gado, fuskarsa ta koma ruwan ɗorawa da shuɗi, matarsa na karanta masa wata takarda mai tambarin hukuma tana kuka. Huub bai shiga ba.

Ran Litinin masu bincike suka dawo don rufe magana. Suna zaune da Toos a ɗakin kofi daidai hutun ƙarfe goma, 'yan lodi duk suna ciki. Huub ya shigo, ya tsaya a gaban tebur.

"Ni na yanke," in ji shi. "Ran Laraba da la'asar, tana caji. Wayoyi biyu ne, na datse duka. Ni nake yanke na duk motocin gidan nan tun da aka fara sa su, ku shiga ƙarƙashin kowacce ku duba. Direba bai sani ba. Yana ƙoƙarin ja gaba na fizgo shi."

Mai binciken ya tambaya ko akwai wanda ya gani. Huub ya ce shi kaɗai ne. Amma Sjef bai jira ya ji amsar ba, tsoro ya riga ya kama shi. Ya tashi ya wurga masa kofin kofi mai zafi, ya bi shi da naushi a ido. "Munafuki! Ka kashe mu duka!" Huub ya faɗi a kan kujeru, girarsa ta fashe. Ya miƙe a hankali, jini na shiga masa ido, ya sa hannuwansa biyu cikin aljihu. Sjef ya ƙara masa ɗaya kafin a rirriƙe shi. Da haka Sjef ya tona wa kansa asiri.

A ranar aka duba motocin dizal goma sha ɗaya, duk aka tarar da wayoyinsu a datse. Toos ma ba ta tsira ba, sai da hukuma ta hukunta sito. Ta sa aka gyara komai, aka zana jan layi a ƙasan dakali, duk wanda ya dira mota na motsi ya ɗauki jakarsa. Aka kori Huub da Sjef. Kotu ta ba Huub wata goma, ya yi shida a ciki. Riek ce kawai ke zuwa ganinsa, sai Funs da ya je sau ɗaya a keken guragu, ya yi ta yi wa masu gadi tsiyar ƙofofinsu sun yi ƙanƙanta.

An mayar wa Bogdan lasisinsa kafin sanyi ya shigo. Da Huub ya fito, ya hau kekensa ya je gidan hayar, ya ƙwanƙwasa. Bogdan ne ya buɗe. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa na fita ta gefe guda.

"Na zo in ce ka yi haƙuri," in ji Huub. Kalmar ta fito masa da ƙyar.

Bogdan ya daɗe yana kallonsa. "Sati biyu, Huub. Sati biyu ina kwance ba baki, kana sane."

"Haka ne."

"Dukan zan iya mantawa, ƙanenka ne. Sati biyun ne ba zan iya ba." Ya waiga cikin gida inda yaransa ke leƙe, ya dawo da kallonsa. "Na gode da ka faɗa. Kada ka sake zuwa gidana."

Ya rufe ƙofa a hankali.

Yanzu motocin sito bakwai ne masu batir, Bogdan ne ke koya wa sababbin direbobi. Funs na zaune a ofis yana tsara wace mota za ta je ina. Huub kuwa yana wankin kiret a gonar wani manomin kokwamba a hayin kogi, kwana huɗu a mako. Hanyar da ta fi kusa ta gaban sito ta bi, amma yana zagayawa ta gadar sama, wadda ta ƙara masa minti ashirin a keke.